Marasa baki da marasa ƙofar numfashi: yadda za a gan su da ido a mahauta da bakin ruwa

Hausawa na cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. To akwai halittun da ba a tsaga musu bakin ba sam, kuma ba sa kwana da yunwa. Wasu suna cikin hanjin ragon layya, wasu suna shawagi a bakin hancin tumaki da tsakar rana, wasu kuma suna kwance a ƙarƙashin ruwan tafkunan Lagdo da Maga a arewacin Kamaru. A makaranta yaro yakan haddace cewa kowace dabba da baki take ci, kowane ganye kuma yana da ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su. Haka ne a mafi yawa, amma akwai waɗanda suka fita daban, kuma su ne suka fi nuna wa mutum amfanin bakin da amfanin ƙofar. Sunan da masana ke kiran ƙofofin ganye da shi, sitomata, daga Girkanci yake, ma'anarsa bakuna. Ke nan dabbar da tsiron rashi ɗaya suke yi.

Dabbar da ba ta da baki, galibi ko dai fatarta ce ke ci mata, ko kuma ta gama cinta tun tana tsutsa. Tsiron da ba shi da ƙofa kuwa, da dukan jikinsa yake sha. Duk wannan malamin kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, da ma'aikacin dabbobi, da mahauci, da mai kiwo za su iya gani da idonsu a Garwa ko Marwa ko Injamena ba tare da kayan aiki masu tsada ba.

Abin da za a tanada: baho mai duhun launi, almakashi, safar hannu, tabarau mai ƙara girma sau 10, gilasai biyu masu faɗi irin na madubin likita, alkol mai ƙarfin 70 daga kantin magani, kwalba mai murfi, gishiri, man farce marar launi, da salatif mai haske. Madubin likita sai a aikin ganye ake bukatarsa, kuma wanda ke kai sau 100 zuwa 400 ya isa.

Tsila, daga hanjin rago

Da tsilar tumaki za a fara, wadda masana ke kira Moniezia, don ƙwanta ba ya kama mutum. Tsilar da ta fito daga cikin mutum kuwa kada a kawo ta aji, kada ɗalibi ya taɓa ta. Dalilin yana tafe.

A je mahauta da sassafe wurin masu wanke kayan ciki, a nemi ƙaramin hanjin ɗan rago ko ɗan akuya, musamman a ƙarshen damina, lokacin da ta fi yawa. Sun san ta sarai, kullum suna tatso ta. A roƙe su kada su tatse wannan hanjin, domin tatsa tana tsinka ta, kan ya ɓace, kuma kan ne abin nema. A haɗa ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a zuba a baho. A tsoma hanjin a ciki, a tsaga shi ta tsawo da almakashi a hankali. Za ta bayyana kamar farin zare mai faɗi, gaɓa-gaɓa, tana miƙewa tana takurewa. Tsawonta kan kai mita 6, faɗin gaɓoɓin ƙarshe kuma santimita ɗaya da rabi.

A bi ta da ido ta ɓangaren da take sirancewa. Za ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama kamar zaren ɗinki, a ƙarshensa akwai ɗan ƙulli kamar kan allura manne da bangon hanji. Kada a ja. A yanko guntun hanjin tare da kan, a bar shi cikin ruwan sanyi marar gishiri na 'yan sa'o'i, zai saki da kansa, jikin kuma ya yi laushi ya daina takurewa. Daga nan a ɗora kan a gilashi da ɗigon ruwa, a duba.

Abin da za a gani kofuna huɗu ne zagaye da kan. A nan kusan kowa yake kuskure, ya ce ga bakuna huɗu. A juya haske, a duba gindin kowane kofi: toshe yake, babu wata kafa da ta zarce ciki. Na riƙo ne kawai, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Don a tabbatar, a yanko gaɓa uku ko huɗu daga tsakiya, a matse su tsakanin gilasai biyu, a ɗaure da zare, a ɗaga wa hasken taga. Babu hanji a ciki. Za a ga layuka biyu a gefe, na fitar da gurɓataccen ruwan jiki ne, sauran kuma kayan haihuwa, domin kowace gaɓa namiji da mace ce a haɗe.

Darasin ba ya kammala sai an ajiye mata abin kwatance. A nemi tsutsar hanta, mai kama da ganye, wadda ake samu a hantar shanun da ke kiwo a fadamun Logon da Binuwai. Tsawonta kan kai santimita 7. A matse ta haka nan. Ita tana da baki a tsinin gaba, kuma hanjinta a fili yake, mai duhu, ya yi rassa kamar jijiyoyin ganye. Yaron da ya ga su biyun a jere ba zai sake ruɗewa ba.

To da me tsila take ci? Tana kwance ne cikin abincin da ragon ya riga ya tauna ya narkar. Fatarta lulluɓe take da ƙananan gasu da ido ba ya gani, masu ƙara mata faɗin wurin tsotsa, kuma da yake jikinta falle ne, babu sashen da ya yi nisa da abincin. Aikin da bangon hanjin rago ke yi, shi fatarta ke yi, sai dai ita daga waje.

Wannan sani yana da amfani a garke. Sababbin gaɓoɓi daga wuya suke tsirowa, don haka ko mita nawa ta fito a kashi, muddin kan yana manne, za ta dawo. Sannan allurar ivermectin, wadda masu kiwo da yawa suka ɗauka maganin kowace tsutsa ce, ba ta taɓa tsila ko kaɗan. Albendazole ne ke yi mata, miligiram 7.5 ga kowane kilo na nauyin tunkiya, miligiram 10 ga akuya, kuma ba a ba wadda cikinta bai wuce wata ɗaya ba. A auna dabba ko a ƙiyasta nauyinta da gaskiya, domin rage magani shi ke sa tsutsotsi su saba da shi. Wani abin da ya kamata a faɗa a fili: tsilar tumaki ta fi tayar da hankali fiye da ɓarnarta. Mai kiwo yana ganin gaɓoɓi kamar dafaffiyar shinkafa a kashin ɗan rago sai ya ɗora mata laifin ramar, alhali mai kisan wata tsutsa ce daban, 'yar siririya mai santimita 2 zuwa 3 a ciki na huɗu, mai ja da fari a murɗe. Ita tana da baki, da ɗan tsini a ciki, jini take sha. A buɗe fatar idon dabbar ta ƙasa: in ta yi fari fat, sau da yawa wannan ce ke aiki.

A adana samfurin a kwalba cikin alkol, a sa alkol ya ninka jikin sau goma, a canza shi bayan kwana biyu. In aka yi rowar alkol, ruwan jikinta zai tsinka shi ta ruɓe.

Jakar ruwa da ƙwayoyin cikin nama

Galibi tsila ba ta tashi daga ƙwai zuwa girma a jiki ɗaya. Ƙuruciyarta a wata dabba take yi, a matsayin jaka mai ruwa da kai a lanƙwashe a ciki. Wadda ta fi sauƙin samu ita ce jakar da ke rataye a kitsen tumbin tumaki da awaki, mai girman ƙwan kaza ko ƙasa da haka, da farin ɗigo guda a ciki. Ɗigon nan kan tsila ne da ke jiran kare ya haɗiye shi.

Ana iya fito da shi a gaban ɗalibai. A cire fatar waje mai kauri ba tare da an fasa ta ciki ba. A sa jakar a kofi da ruwan gishiri mai ɗumin jiki, digiri 37, a ɗiga ruwan matsarmamar dabbar, kamar kashi ɗaya cikin goma. A riƙe ɗumin ta hanyar ajiye kofin cikin wani kwano mai ruwan ɗumi. In jakar sabuwa ce, kan zai juyo waje kamar yadda ake juya safa, ya fara lalube, don ya ɗauka ya iso hanjin kare. Wannan yana da kofuna huɗu da kuma zoben ƙugiyoyi a tsakiya. Ƙugiyoyin su ma ba haƙora ba ne, ƙarƙashinsu nama ne toshe. In bai fito ba, ko jakar ta kwana, ko ruwan ya yi zafi ya kashe shi.

Tsilar mutum akwai ta naman alade, akwai kuma Taenia saginata, wadda daga naman shanu take zuwa. Tsawonta kan kai mita 4 zuwa 10, gaɓoɓinta dubu ko fiye, kuma su kan fito da kansu su yi tafiya a jikin tufafi, abin da ke sa mutane kunyar faɗa. Mai ita ya yi bayan gida a makiyaya, saniya ta ci ƙwan da ciyawa, ƙwan ya zama ƙwaya fara mai ruwa, milimita 5 zuwa 10, a cikin tsoka. Inda ake dubawa: tsokar muƙamuƙi, a yi mata yanka biyu masu faɗi, zuciya, a tsaga ta a duba ciki da waje, harshe, a shafa shi da yatsa a ji ƙulli, sai tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ƙwayar da ta mutu takan yi tauri, wuƙa ta ji ta kamar tsakuwa, amma ganin matacciya ba ya nuna babu rayayya a wani wuri.

Wuta ce maganinta. Nama ya dahu har tsakiya, ba ja, wato aƙalla digiri 63 ga yanka, 71 ga niƙaƙƙe. Inda ake samun matsala shi ne tsire da balangu masu kauri a kan wuta mai harshe: waje ya ƙone, ciki yana jini. Sanyi ma yana kashe ta, digiri 10 ƙasa da sifili har kwana 10 a jere, amma firjin da wuta ke ɗaukewa kullum ba abin dogaro ba ne. Wanda ya ga gaɓa a jikinsa ya sa ta a kwalba mai murfi ya kai asibiti. A can za a ƙirga rassan mahaifar da ke cikin gaɓar: 15 zuwa 30 a kowane gefe ta shanu ce, 7 zuwa 13 ta alade ce. Magani praziquantel ne ko niclosamide, sha ɗaya, sannan a sa ido wata uku. In gaɓa ba ta sake fitowa ba, kan ya mutu.

Ga dalilin hana taɓa tsilar da ta fito daga cikin mutum. Ƙwan tsilar alade yana kama mutum kai tsaye, ya yi jaka a ƙwaƙwalwa, ya jawo farfaɗiya. Kada wani ya ce shi ba ya cin alade, ba ruwansa. Cin naman ne ke kawo tsilar hanji, amma jakar ƙwaƙwalwa daga ƙwan take, ƙwan kuma daga hannun mai ɗauke da ita, ko ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwa mai najasa. A yankunan da ake kiwon alade, irin su Mayo-Danay da kudancin Chadi, kasuwa ɗaya ake ci. Shi ya sa ba a sayen maganin tsila a tebur a sha: mai ciwon kai mai naci ko farfaɗiya sai ya gaya wa likita tukuna, don praziquantel na iya tayar da jakar da ke kwance.

Saura guda, mafi ƙanƙanta kuma mai haɗari: Echinococcus, milimita 3 zuwa 6 kacal a hanjin kare. Ita ke yin manyan jakunkunan ruwa masu kauri a huhu da hantar raƙuma da shanu da tumaki, da na mutum in ya haɗiyi ƙwanta daga kashin kare. Haka tunkiyar da ke zagaye wuri ɗaya, sau da yawa jakar wata tsilar kare ce a ƙwaƙwalwarta. Duk zagayen nan a hannun mahauci yake: huhu ko hanta ko kai mai jaka ba a jefa wa kare. A ƙone, ko a binne a rami mai zurfin mita guda. Karen garke kuma a riƙa ba shi praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo, a ɗaure shi kwana biyu a binne kashinsa.

Masu gama ci tun suna tsutsa

Da rana ta take, a lura da tumaki sun cusa kai a tsakanin juna, hanci a ƙasa, suna buga ƙafa. Ƙudan hanci suke gudu, Oestrus ovis. Ba cizo ya zo yi ba, don ba shi da abin cizon. Macen tana fesa 'yan tsutsotsi masu rai a bakin hanci, su haura cikin kogon kai, su yi watanni suna cin majina da ƙugiyoyin bakinsu. Su ne ake tararwa in an fasa kan rago ranar Sallah.

Don ganin babban ƙudan, a sami tsutsar da ta ƙosa, mai santimita 2 zuwa 3 da baƙaƙen zobba a baya. Fara sol ba ta isa ba, mutuwa za ta yi. A sa ta a kwalba mai yashi zurfin santimita 5, mai ɗan danshi kaɗan, a rufe da guntun gidan sauro, a ajiye a inuwa inda tururuwa ba za ta kai ba. Za ta nutse ta yi baƙin kwanso. Bayan mako 3 zuwa 6 ƙuda zai fito, mai ruwan toka da ɗige-ɗige, kimanin santimita ɗaya. A kashe shi da alkol, a kifa shi a duba ƙasan kansa kusa da ƙudan gida. Na gida yana da dogon baki mai lanƙwasa da yake lasa da shi. Wannan kuwa sai ɗan gurbi da 'yan ƙulle-ƙullen da ba sa aiki. Da kitsen da ya tara yana tsutsa yake rayuwa, makonni kaɗan, ya hayayyafa ya mutu. Raƙumi yana da nasa irin, doki da jaki ma suna da wanda tsutsarsa ke manne a cikin ciki.

Shi ya sa tarkon sukari ko guba a abinci ba ya kama shi. A tsutsar ake tare shi, kuma a nan ivermectin ke aiki: mililita 1 na mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari ga kilo 50, a ƙarƙashin fata. A duba kwanakin jira a takardar maganin kafin yanka. Sukan kai wata ko fiye, don haka mai ragon layya ya yi lissafi tun da wuri. Makiyayin da ya ji abu ya bugi idonsa, ido ya kama ƙaiƙayi da hawaye kamar da yashi a ciki, ya je a duba, ƙudan kan fesa wa mutum ma.

A bakin Shari ko Binuwai, a rataya farin zane bayan magariba a haska shi da fitila. Wasu dararen za a ga fararen ƙwari masu laushi sun rufe shi, fikafikai a tsaye, da zare biyu ko uku a wutsiya, da safe kuma a share su tuli. Masunta sun san su, kifi na rububinsu. Tsutsarsu ta yi watanni a ruwa tana ci. Wani irinsu, Povilla, har katakon da ke cikin ruwa yake hudawa. Babban kuwa bakinsa ya shanye, hanjinsa iska ce a ciki don ya yi sauƙin tashi, kuma daga sa'o'i kaɗan zuwa kwana ɗaya ko biyu ya gama. Kada a haɗa su da shinge, wanda fikafikansa huɗu tsawo ɗaya ne, yana zubar da su, kuma yana da muƙamuƙi. Babban malam-buɗe-littafin dare da ke fitowa daga tsutsar kaɗanya shi ma haka yake: a sa allura a ƙasan kansa, ba za a sami naɗaɗɗen dogon bakin da na rana ke shan fure da shi ba.

A can nesa akwai wasu. A 1977 aka gano wata tsutsa a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, zurfin kimanin mita 2,500, tsawonta ya kai mita 2, ba baki ba hanji. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinta ne ke haɗa mata abinci daga sinadarin kibiritu. Soson teku ma dabba ce marar baki, ruwa ke ratsa ƙananan kafofin jikinsa ya tace abinci, babbar kafar da ake gani ta fita ce. Soson wanka na gida kuwa ɗan tsiro ne.

Ganye mai ƙofa da marar ƙofa

Kafin a nuna rashin abu sai an fara nuna abin. A tafasa ruwa, a sauke, a bar shi minti biyar, a zuba a kofin gilashi. Tafasawar tana korar iskar da ke cikin ruwan, in ba haka ba kumfarsa za ta manne a ganye ta ruɗar da kowa. A tsoma ɗanyen ganyen mangwaro da aka tsinka yanzu. Iskar cikin ganyen za ta kumbura ta fito, ƙananan kumfa su rufe bayan ganyen, fuskarsa kuwa wayam. A gwada na dawa ko muskuwari, kumfa ta kowane gefe. A gwada na bado, sai ta sama kaɗai, domin ƙasansa a kan ruwa yake kwance. Ganye mai gashi, irin na kainuwa, bai dace da wannan gwaji ba, gashin kan riƙe iskar waje.

Sai a ɗauki hoton ƙofofin. A goge bayan ganyen, a shafa man farce siriri, faɗin farce guda, nesa da babbar jijiya. A bar shi ya bushe sarai, minti 10 zuwa 15; da hunturu ya fi sauri. A manna salatif, a danna da yatsa, a ɗaye a hankali, a manna a gilashi. A fara da sau 100, a koma 400. Kowace ƙofa kamar ɗan baki take da leɓɓa biyu. Na mangwaro a warwatse suke, na dawa a jere layi-layi. In ba a ga komai ba, ko an shafa man da kauri, ko an ɗaye shi da danshi, ko hasken madubin ya yi yawa. A rage shi, domin hoton ba shi da launi. Mai son ƙirgawa ya sani cewa a yawancin madubin makaranta, da'irar da ake gani a sau 400 faɗinta kusan milimita 0.45 ne, don haka a ninka abin da aka ƙirga sau 6 a sami na murabba'in milimita guda. A ƙirga wuri biyar a raba.

Ta ƙofofin nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma fiye da tara cikin goma na ruwan da tsiro ke asara yake fita. Tsiron tudu kullum ciniki yake: in ya buɗe ya ci ya yi ƙishi, in ya rufe ya tsira da ruwa ya yi yunwa. Ƙuduji, mai cinye gonar dawa, yakan bar nasa a buɗe ko ana fari, don ya fi dawar jan ruwa daga saiwarta.

Yanzu a nemo marar ƙofa. A gefen tafkin Maga, ko Lagdo, ko kududdufan da ambaliyar Logon ta bari, ko Tafkin Chadi, akwai ciyawar da ke nutse gaba ɗaya, mai kaushi, ganyenta sirara masu rassa biyu sun zagaye kara kamar wutsiyar kyanwa, ba ta da saiwa ko ɗaya. Ita ce Ceratophyllum. Akwai kuma mai dogon ganye kamar ɗamara, Vallisneria, mai saiwa a laka. A jawo su da sanda mai ƙugiya daga tudu ko daga kwalekwale. Kada a tura yara cikin ruwan: irin wannan ciyawa ita ce gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. A sa safar hannu, a tsince dodon koɗin, a ɗauraye da ruwan rijiya. A tambayi masunta inda dorina take kafin a sauka.

Man farce ba ya kama jiƙaƙƙen ganye, kuma ba a bukatarsa. A ɗora ganyen kansa a ɗigon ruwa, a rufe da siririn gilashi, haske zai ratsa shi. Za a ga ɗakunan halitta a jere kamar tubali, cike da korayen ƙwayoyi tun daga fatar waje, ba ƙofa ko guda. A ganyen tudu fatar waje kusan fara ce, koren yana ciki. A nan kuwa kore ya fito baki-baki da ruwa, domin iskar kabon tana tafiya a ruwa a hankali fiye da a sarari har kusan sau 10,000, dole mai bukata ya matso. Shi ya sa ganyen ya zama siriri ko ya tsattsage, kuma bai da kakin da ke rufe ganyen tudu. Ƙofa aikinta tsaron ruwa, wanda ke cikin ruwa kuwa ba abin da zai tsare. A shimfiɗa shi a faranti kusa da ganyen mangwaro: kafin mangwaro ya nuna alama, shi ya yanƙwane.

Don a nuna yana aiki duk da haka, a narkar da bikarbonat giram 1 zuwa 2 a lita ɗaya na ruwa. Kanwa ba ta maye gurbinsa, ta yi kaifi. A yanko kara mai santimita 8 zuwa 10 da sabuwar reza, a yi yankan a cikin ruwa, a sa shi a kwalba mai haske, yankakken gefen yana sama, a danne da ɗan ƙarfe. A kai rana. Cikin 'yan mintoci kumfa za ta fara fita daga bakin yankan ɗaya bayan ɗaya, mafi yawanta oksijin, ta hanyoyin iskar da ke cikin karan. A ƙirga na minti ɗaya sau uku a rana, a koma inuwar darbejiya a jira minti biyar a sake. In kumfa ta tsaya, a sake yanke bakin, ya toshe ne. Ranar Afrilu a Marwa ko Kusuri tana dafa ruwan kwalba cikin ɗan lokaci, don haka a tsayar da kwalbar a cikin baho mai ruwa, a yi gwajin da hantsi.

Da damina, a kan laka mai inuwa ko gindin duwatsun Mandara, ana samun wasu korayen tsirai manne da ƙasa, zagaye kamar kwabo, masu suna Riccia, da gansakukar jikin bango. Su ma ganyensu ba shi da ƙofa mai buɗewa da rufewa; in ƙasa ta bushe su bushe, in an yi ruwa su farfaɗo. A kankaro busasshiyar gansakuka a watan Maris a ɗiga mata ruwa a faranti, a duba ta da tabarau tana warwarewa. Dihe, koren abincin da matan Kanem a Chadi ke tacewa daga tafkunan kanwa su shanya a yashi, shi kam ba ya cikin lissafin tsirai, dangin bakteriya ne mai kore, kuma a madubi zare ne murɗaɗɗe.

Ciyawar ruwan da ta rage takan yi makonni a bokiti in an ajiye ta inda haske yake ba rana kai tsaye ba, ana canza rabin ruwan duk mako, an kuma rufe bakin da gidan sauro. In an gama da ita a shanya ta a tudu ta bushe, kada a zuba ta a wani ruwan da ba can aka ɗebo ta ba, domin guntun kara ɗaya ya isa ya tsiro.